Littafin Girkin Mushen Titi Da Tukunyar Gidanmu

  

Mai karatu, yau da dariya za mu fara. Makon jiya wani ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mini hotunan shafukan wani littafi ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, ga tsarabarki, ki kai wa masu karatunki." Da na duba sai na ga littafin girki ne, amma ba irin wanda muka saba gani ba. Sunansa The Original Road Kill Cookbook, wato littafin girkin dabbobin da mota ta buge a kan titi. Wani Ba'amurke mai suna Buck Peterson ne ya wallafa shi a 1985, kuma ya samu karɓuwa har ya ƙara rubuta wasu irinsa. Littafin barkwanci ne tun daga farko har ƙarshe. Ya kwaikwayi littattafan girki na gaske, da jerin kayan haɗi da matakan dahuwa, sai dai naman ba daga wurin mahauci yake fitowa ba, daga ƙarƙashin tayar mota yake fitowa.

Abin bai tsaya a littafi ba. A garin Marlinton da ke jihar West Virginia, duk shekara ana gasar girki mai wannan suna. Sharaɗin shiga shi ne naman ya zama na irin dabbar da aka saba gani a mace a gefen titi, ko da ba a titin aka tsinto ta ba. A jihar Montana kuwa, a 2013 aka yi dokar da ta ba mutum damar ɗaukar barewar da mota ta kashe, in ya nemi takardar izini. A Alaska akwai wata ƙatuwar dabbar daji da ta fi saniya tsayi, idan mota ta buge ta hukuma kan kira ƙungiyoyin agaji su fiɗe su raba wa mabukata.

Na yi dariya har da hawaye. Sannan na ce a raina, ai mu ma da za mu rubuta namu na Yerwa, ba za mu rasa abin sawa a ciki ba. Shafin farko ma na riga na gan shi da idona.

Farfesun zabon hanyar Damaturu

Kayan haɗi: zabo ɗaya mai taurin kai, irin wanda ke tsallaka kwalta tsakanin Jakana da Mainok ba tare da ya duba hagu da dama ba. Direba ɗaya mai sauri don ya shiga gari kafin yamma. Wuƙa ɗaya, ko da ta yankan farce ce. Fasinja ɗaya mai ɗan karatu wanda zai ba da fatawa. Sai attaruhu da citta da kanumfari, waɗannan kuwa sai an isa gida.

Shekarun baya ne, muna dawowa daga Damaturu a motar haya, sai muka ji "tim!" a gaban mota. Direba ya taka birki, ya fita a guje da wuƙa a hannu, yaron mota na biye da shi. Can ya dawo riƙe da zabo ta ƙafa, yana murmushi. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta leƙa ta taga ta ce, "Yaro, ka same shi da rai kuwa?" Ya ce, "Hajiya, wallahi ya motsa ƙafa." Yaron mota ya ce, "Oga, ni dai iska na ga ta kaɗa gashinsa." Aka kwashe da dariya. Wani malami da ke kujerar gaba ya karɓi zabon, ya juya shi, ya ga kan ya fashe kuma hanji ya fito, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ko ka yanka bai yanku ba. Jefar da shi." Direba ya jefar, amma har muka shigo Bulumkutu yana ƙorafin malam ya hana shi miyar dare.

Hausawa sun ce da wasa ake gaya wa wawa magana. To ni da kai ba wawaye ba ne, mai karatu, amma akwai magana a ƙarƙashin wannan wasa, kuma ita ce ta kawo ni yau.

Me ya sa abin ya wuce wasa a wurinmu

Ba'amurken da ke sayen wancan littafi yana sayensa ne don ya ba abokinsa kyauta su yi dariya. Nama na nan cike da firjinsa. Wanda ma ke ɗaukar barewar da gaske a Alaska ko Montana, sanyin ƙasarsu kaɗai firji ne a mafi yawan shekara. Mu kuwa a Maiduguri, a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Ƙwayoyin cuta sun fi saurin hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma idan suka samu yadda suke so wasunsu kan ninka kansu cikin kusan minti 20. Dabbar da mota ta buge, sau da yawa hanji da tumbi sun fashe a ciki, kashi ya gauraye da tsoka, jini bai fita ba ya daskare a jiki. Ka ɗora wannan a kan kwalta mai zafi na awa biyu ko uku, ka ga abin da ake shirin kai wa yara.

Wani zai ce ai wuta na kashe komai. Wuta na kashe ƙwayoyin cuta da yawa in nama ya dahu har ciki, amma akwai gubar da wasu ƙwayoyin ke bari a nama wadda tafasa ba ta rusa ta. Ga kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa dabbar ta tsaya har mota ta same ta? Dabbar daji mai lafiya gudu take yi. Wadda ta yi laƙwas a gefen hanya, ko aka kama ta da hannu cikin sauƙi, wataƙila ciwo ne ya riga mota zuwa.

Addini ma ya riga likita magana a nan. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta lissafa dabbobin da aka haramta ci, a ciki har da wadda aka buge ta mutu da wadda ta faɗo daga sama ta mutu, sai fa wadda aka riska aka yanka. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara bayani cewa idan bugun ya riga ya taɓa makasa, kamar ƙwaƙwalwa ta fito ko lakar baya ta tsinke ko hanji ya zube, yankan ba ya halatta ta ko da tana motsi. Abin da malamin motarmu ya duba ke nan. Wanda ke son ƙarin bayani ya tambayi malamin unguwarsu.

Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a ba su labarin mushe. Ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday da wasu unguwanni da dama, ya shiga gidan zoo na Sanda Kyarimi. Hukumar gidan ta sanar cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Kowa ya ga hoton jimina tana yawo a titi, an yi ta raha da shi a waya. Amma da ruwa ya janye, gawar awaki da tumaki da kaji ce ta cika lunguna, a lokacin da dubban iyalai ba su da abin sawa a tukunya. A irin wannan rana ce ake gwada mutum, domin yunwa ba ta tambayar yadda dabba ta mutu.

Ɓera da garin Lassa

Yanzu mu zo kan abin da ya fi kusa da gidajenmu a wannan watan. An gama girbi, ciyawa ta bushe, yara maza sun fara fita bayan gari da karnuka da sanduna, suna ƙona daji, suna tonon rami. Su dawo da gafiya ko burgu ko kurege, su babbake a bayan gida, su ci da gishiri da barkono. Da yawa daga cikin iyayen da ke karanta wannan shafi sun yi haka da ƙuruciya, shi ya sa ba sa ɗaukarsa komai.

To ka san cewa zazzaɓin Lassa da duniya ke tsoro sunan garinmu yake ɗauke da shi? Lassa gari ne a ƙaramar hukumar Askira/Uba a kudancin Borno. A farkon 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a can, aka kai ta asibiti a Jos, ta rasu. Wata ma'aikaciyar jinyar da ta kula da ita, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke, kuma daga wannan lamari ne masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar. Daga baya aka gane mai ɗauke da ita wani ɓera ne mai jerin nonuwa da yawa a ciki, wanda ke rayuwa a gonaki da rumbuna da cikin gidaje. Shi ɓeran ba ya ciwo. Yana yawonsa lafiya lau, yana zubar da cutar a fitsarinsa da kashinsa.

Mutum kan kamu idan ya ci abincin da ɓeran ya yi wa fitsari, ko ya shaƙi ƙurar da ta gauraya da kashinsa, ko ya taɓa jininsa wajen kamawa da fiɗa. Nan ne hatsarin farautar yara yake. Yaro mai tonon rami ba ya tantance wannan ɓera da wancan, kuma hannunsa cike yake da ƙujewa da tsagar hunturu. Kafin nama ya ga wuta, cuta ta riga ta shiga. Daga nan kuma tana iya wucewa daga mutum zuwa mutum ta jini da amai da fitsari da sauran ruwan jiki, shi ya sa mai jinya a gida da ma'aikacin asibiti suke cikin hatsari.

Alamun kan ɗauki har mako uku kafin su bayyana. Farko kamar zazzaɓin cizon sauro ne: zafin jiki, kasala, ciwon kai. Sai ciwon maƙogwaro da ciwon ƙirji da amai da gudawa. In ta yi tsanani fuska kan kumbura, jini ya riƙa fita ta hanci ko baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa nuna alama mai tsanani, amma cikin waɗanda ciwon ya kwantar a asibiti kusan 15 cikin ɗari kan rasu. Cikin waɗanda suka yi jinya suka tashi, kusan ɗaya cikin huɗu kan samu matsalar ji. Mai ciki a watanni ukun ƙarshe ta fi kowa shiga hatsari, domin a fiye da kashi 80 cikin ɗari akan rasa cikin ko uwar ko duka biyun. Akwai maganin da ake bayarwa a asibiti, sunansa Ribavirin, amma ya fi aiki idan an fara shi da wuri. Kuma cutar ta fi yawa a Najeriya daga Disamba zuwa Afrilu, wato daidai wannan lokaci da yaranmu ke daji.

Burgun da ya tayar da hankalin Amurka

Ga wani abin dariya mai ban tsoro. A 2003 aka shigar da wasu dabbobi daga Ghana zuwa Amurka don masu kiwon sha'awa, a cikinsu har da burgu, wannan dai namu da ake cewa ɓarawon goro. Aka ajiye su kusa da wasu ƙananan dabbobin can masu kama da kurege, cutar ƙyandar biri ta tsallaka zuwa gare su, daga su kuma ta kama mutane sama da 40 a jihohi da dama. Wannan ne karon farko da aka ga cutar a jikin mutum a wajen Afirka. Wato ƙasar da ta rubuta littafin raha kan cin dabbar titi, burgunmu ya hana ta barci. A nan gida, ƙyandar biri ta sake ɓulla a jihar Bayelsa a Satumba 2017 bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba, kuma duk da sunanta, dangin ɓera da kurege aka fi zargi da ɗaukarta fiye da biri.

Jemage ma haka. Annobar Ebola da ta fara a ƙasar Gini a ƙarshen 2013 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Afirka ta Yamma, kuma masana na danganta asalin ƙwayar cutar da jemagu. A 2023 kuma gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin naman daji da ganda saboda cutar antraks, kafin a tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin watan Yuli na shekarar. Alamarta a dabba ita ce mutuwar farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci da baki da dubura, ba ya daskarewa. Irin wannan gawa ko fiɗe ta ba a yi, balle ci. Likitan dabbobi ake kira.

Sai maganar guba. Ba kowane mafarauci ke amfani da bindiga ko tarko ba. Akwai masu zuba maganin ƙwari a ruwa ko a hatsi don su kwashi kifi ko tsuntsaye a sauƙaƙe, akwai kuma masu fesa fiya-fiya a busasshen nama da bandar kifi don kada ƙwari su ci. Idan an babbake an ƙyafe, ido ba ya gane yadda dabba ta mutu. Naman da ba ka ga yankansa ba, ba ka san mai shi ba, aka kawo maka shi da arha fiye da ƙima, ka tuna araha ba ta ado.

To, fara fa?

Na san wannan tambaya tana bakinka, domin ɗan Maiduguri ba ya yarda a taɓa masa fara. Kwantar da hankalinka, ni ma ba na wuce mai soyayyar fara da yaji in ban tsaya ba, kuma duk wanda zai je Kano ko Abuja ya san tsarabar da ake jiransa da ita. Fara abinci ce ta ƙwarai. Kusan rabin nauyin busasshiyar fara sinadarin gina jiki ne, ga ta da araha fiye da nama. Sharuɗɗanta uku ne. Kada a ci wadda aka tsinto a mace a gona, domin wataƙila feshi ne ya kashe ta. A saya wurin wadda aka sani, a shinshina, in akwai warin magani a bari. Sannan a cire ƙafafu da fukafukai kafin a ba ƙaramin yaro, kuma wanda jikinsa ke ƙaiƙayi ko kumburi in ya ci jatan lande ya yi hattara, domin fara na iya yi masa haka.

Na kawo maganar fara ne don kada a ce na zo hana mutane abinci alhali nama ya gagari talaka. Na san halin da ake ciki. Akwai gidajen da sai Sallah suke ganin nama, akwai 'yan'uwanmu da rikici ya raba da gonakinsu da dabbobinsu. Amma wake da awara da ƙuli-ƙuli da ƙwai da fara da ƙananan kifin Tashar Baga duk suna gina jikin yaro.

Abin da nake roƙon kowane gida

Maigida, ka zauna da 'ya'yanka maza ka yi musu bayani, kada ka tsaya ga tsawa kawai. Yaron da aka yi wa tsawa zai ci gaba da farautarsa a ɓoye, in zazzaɓi ya zo kuma ba zai faɗi inda ya je ba. Ka tuna musu kuma cewa ramin gafiya ba gafiya kaɗai ke kwana a ciki ba, kububuwa ma na shiga.

Uwargida, hatsi da gari da shinkafa su shiga mazubi mai murfi. A daina shanya a ƙasa ko a bakin titi a kwana ba a kwashe ba. A rufe sauran abinci da ruwan sha, a wanke kwanuka kafin a kwanta, a toshe ramuka, a nisanta shara da ɗakin girki. Idan tarko ya kama ɓera, kada a ɗauka da hannu tsirara, kada a ba yara su yi wasa da shi. A sa leda a hannu, a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Nama kuwa a saya inda aka san an yanka, a dafa shi har jan cikinsa ya ɓace. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama a wanke su kafin su taɓa latas ko tumatirin da za a ci ɗanye. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki ba a ɗumama shi sosai ba.

Idan kuma wani a gida ya yi zazzaɓi, an sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, musamman in akwai ciwon maƙogwaro ko amai, a bar zagayen kemis. A je asibiti, ko na Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko na Ƙwararru na jiha, ko mafi kusa da ku. A gaya wa likita gaskiya: yaron nan ya je farauta, ko gidanmu akwai ɓeraye, ko mun ci nama kaza. Wannan jimla ɗaya na iya ceton ran mara lafiya da na ma'aikacin da zai taɓa shi. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa tana da lambar kira kyauta, 6232. A rubuta ta a ajiye.

Na mayar wa ƙanena amsa na ce na gode da tsaraba, littafin ya ba ni dariya, amma in zai dawo gida ya bar shi can ya zo mana da turare. Shi kuwa direbanmu na hanyar Damaturu, in yana karanta wannan shafi, ina fatan ya yafe wa malam zabonsa.

Masu tambaya ko ƙarin bayani su aiko ta adireshin jarida kamar yadda aka saba. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba tarin hunturu a jikin ƙananan yara da lokacin da ya kamata a bar jiƙe-jiƙe a tafi asibiti. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.